Darasi a kan Barbarar Furen Kabewa da Hannu a Tsakar Gida

'Yan'uwa, kowace damina akwai kukan da muke ji daga bakin iyayenmu mata masu ɗan shuke-shuke a gida, musamman mazauna cikin birnin Kano da unguwannin da ke maƙwabtaka da badala. Uwargida ta shuka kabewa a gindin katanga tun ruwan farko, ta zuba mata toka da kashin awaki, ta kāre ta daga kaji. Kabewa ta yi yaɗo, ta hau rumfa, ta leƙa soro, ganye ya yi shar, fure ya yi ɗorawa kowace safiya. Sa'an nan ɗan kabewa ya fito kamar ƙwan kaza, gida ya yi murna, bayan kwana uku kuwa sai ya yi rawaya, ya yanƙwane, ya faɗi. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Kaka ta yi, uwargida ta ɗauki kuɗi ta tafi Kasuwar Rimi ta sayi ɓarin kabewa domin miyan taushe, alhali yaɗo ya rufe mata rabin tsakar gida.

Idan haka ta faru, sai a fara neman mai laifi. Wani ya ce iri ne ba shi da kyau. Wata ta ce baki ne, ko idon maƙwabciyar da ta shigo ɗibar wuta ta yaba shukar. A wurare da dama har akan hana yara nuna ɗan kabewa da yatsa, wai zai faɗi. Ta haka zargi yake shiga tsakanin mutanen da katanga ɗaya ce ta raba su. Gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza, amma dalilin tsaminsa a nan ba a gidan maƙwabta yake ba. Mafi yawan lokaci abin da ya faru shi ne ƙudan zuma bai zo ba, aikin da ya kamata ya yi kuwa ba wanda ya yi shi. Wannan aiki shi ne abin da za mu koya a darasinmu na yau, gama yaro ɗan shekara goma ma yana iya yinsa, ba a kuwa biyan ko kwabo.

Namiji da mace a yaɗo ɗaya

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa akwai namiji da mace a cikin itatuwa. Kowa ya san namijin gwanda, wanda yake fure ba ya 'ya'ya. Haka giginya take, haka dabino. Masu noman dabino a Dutse ta Jihar Jigawa, da mutanen Ingal da Bilma a Jamhuriyar Nijar, sun san cewa in ana so dabino ya yi 'ya'ya sosai sai an hau an sa reshen furen namiji a cikin furen mace. Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai, har tana cikin dokokin Hammurabi, Sarkin Babila, waɗanda aka rubuta kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Almasihu, inda aka tsara rabon amfani tsakanin mai gonar dabino da wanda ya yi masa wannan aiki.

Kabewa ta bambanta da gwanda a abu ɗaya. Ita namijin da macen duka suna kan yaɗo guda, sai dai kowane da furensa dabam. Ka fita da sassafe ka durƙusa ka duba bayan furen, kada ka tsaya a fuskarsa, domin daga gaba duka biyun launinsu ɗaya ne. Furen namiji yana kan siririn kara mai tsawo, ba kome a ƙarƙashinsa. In ka leƙa cikinsa za ka ga tsinke guda a tsaye, lulluɓe da wani gari mai launin ɗorawa wanda yake manne wa yatsa. Wannan shi ne garin fure. Furen mace kuwa karansa gajere ne mai kauri, yana kusa da jikin yaɗon, a ƙarƙashinsa kuma akwai ɗan ƙulli mai siffar kabewa. A cikinsa akwai wani kai mai danƙo wanda ya rabu kashi uku, kowane kashi da 'yar tsaga a tsakiya.

A nan ne kuskuren da yawancinmu muke yi yake. Wancan ɗan ƙulli da muke gani muna murna ba ɗan kabewa ba ne tukuna. Mahaifa ce, a cikinta akwai ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyi waɗanda za su zama 'ya'yan iri in garin namiji ya same su. Idan ƙwayar gari ta sauka a kan kan macen, sai ta tsiro wani siririn bututu da ido ba ya gani, ya gangara har cikin mahaifar, ya haɗu da ƙwaya ɗaya. Ƙwayar gari ɗaya, ɗan iri ɗaya. 'Ya'yan irin da suka ƙullu su ne suke sa uwar ta riƙa turo abinci zuwa ga wannan ɗa. In ba su ƙullu ba, uwar ta janye abincinta, ƙullin ya yi rawaya ya faɗi. In kuma kaɗan ne suka ƙullu, sai kabewa ta fito a karkace, gefe ɗaya ya cika gefe ɗaya ya shanye, ko ta tsaya ƙarama. Saboda haka yawan garin da ya isa ga macen shi ne yake yanke girman kabewar tun ranar farko.

Turawa ma ba su tabbatar da wannan a rubuce ba sai a shekarar 1694, lokacin da wani malami a birnin Tubingen na Jamus, Rudolf Camerarius, ya nuna cewa in an cire furen namiji daga zurma, ko an yanke gashin masara tun yana ɗanye, ba a samun ƙwaya mai tsirowa.

Abin da ya sa iska ba ta isa ba

Mai karatu zai iya tambaya, to, masara da gero wa yake yi musu wannan aiki? Iska ce. Garinsu busasshe ne marar nauyi, iska tana kwasarsa daga wannan kai zuwa wancan. Na kabewa kuwa manyan ƙwayoyi ne masu nauyi da danƙo, ko guguwa aka yi ba za su tashi daga fure zuwa fure ba. Dole sai an sami mai ɗauka. Ƙudan zuma yana shiga furen namiji neman ruwan zaƙi da yake can ƙasan furen, gari ya manne a gashin jikinsa, ya fita ya shiga furen mace neman irin wannan zaƙin, ya goge shi a can ba da saninsa ba. Zuwa ɗaya kuwa ba ya wadatarwa, sai ya yi ta kai da komo sau da yawa kafin dukan kashi ukun nan su sami rabonsu. Tururuwa da muke gani a cikin furen zaƙi kawai take sha, ba ta kai gari inda ake bukata.

Ga kuma ƙarancin lokaci. Furen kabewa rana ɗaya tak yake buɗewa a rayuwarsa. Yana buɗewa da asuba, kafin rana ta take tsaka ya rufe, ba zai sāke buɗewa ba. A ranar zafi ma tun da walaha yake fara laushi. Wato macen da ta yi mako biyu tana shiri, awa huɗu ko biyar kaɗai gare ta. In a cikin awannin nan aka wayi gari da ruwan marka, irin wanda muke samu a watan Agusta, ƙudan zuma ba ya fita, wannan fure ya tafi ke nan.

Asalin kabewa daga nahiyar Amurka ne. Masu haƙa kayan tarihi sun sami 'ya'yanta a wani kogo a yankin Oaxaca na ƙasar Meziko waɗanda suka kai kimanin shekara 10,000, ba ta kuwa iso Afirka ba sai bayan 1492, lokacin da jiragen ruwa suka fara kai da komo a tekun Atlantika. A can ƙasarta tana da wasu ƙudajen zuma na musamman da suke tashi tun da duhu, ba su da wani abinci sai garin kabewa da danginta. Kabewa ta ƙetaro teku, su ba su biyo ta ba. A nan ƙasarmu ta dogara ga ƙudan zumanmu na amya da 'yan'uwansa na daji. Duma kuwa, wanda muke yin ƙwarya da ludayi da shi, ɗan Afirka ne tun asali. Furensa fari ne, da yamma yake buɗewa, malam-buɗe-littafin dare ne yake yi masa hidima. Wanda yake so ya yi wa duma abin da za mu bayyana a ƙasa, da magariba zai yi, ba da safe ba.

Birnin da ya cika

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Magabata ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, sun haɗa da gonaki, domin in abokan gāba suka tsare ƙofofi kada yunwa ta ci birni. Hugh Clapperton, Baturen da ya shigo Kano a 1824, ya ƙiyasta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth ma da ya zo a 1851 ya hau Dutsen Dala ya ga filaye da kududdufai da itatuwa. A irin wannan birni ƙudan zuma yana da kogon kuka da tsamiya da zai zauna, yana da ruwan sha, yana da furanni rani da damina.

Wanda ya hau Dala ko Goron Dutse a yau rufin kwano da siminti zai gani har iyakar ganinsa. Gonakin sun zama unguwanni, an cike kududdufai da yawa an yi gini a kansu, manyan itatuwa sun ragu. Ga hayaƙin ababen hawa, ga maganin sauro da muke fesawa, in kuma zuma ta kuskura ta sauka a wani soro sai a ƙone ta da wuta saboda tsoron harbi. Ba mu ce ƙudan zuma ya ƙare a birni ba. Amma kabewa guda a cikin lungu, tsakanin dogayen katangu, ba lalle ne ya gano ta ba a cikin 'yan awannin da take jiransa. Manomin ƙauye da yake da amya a kan ɗorawa bai san wannan damuwa ba, shi ya sa in ka faɗa masa sai ya yi dariya.

Yadda ake yin aikin

Aikin yana farawa ne da yammacin jiya. Bayan la'asar ka bi yaɗon ka nemi furen mace wanda bakinsa ya fara yin ɗorawa amma bai buɗe ba. Wanda yake kore shar da sauransa. Wanda ya fara canza launi kuwa gobe da asuba zai buɗe. Ka lura kuma ko akwai maza biyu ko uku da suka kai wannan matsayi. In gari ya haɗa hadari, ka kifa wa kowannensu ɗan gwangwani ko ka rufa masa babban ganye, domin ruwa in ya taru a cikin fure yana ɓata gari.

Da safe, tsakanin ƙarfe shida da ƙarfe takwas, ka fito. Ƙarfe tara iyaka ce, gama da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, garin kuwa ƙarfinsa yana raguwa da hawan rana. Ka tsinke furen namiji wanda ya buɗe a wannan safiyar tare da karansa. Na jiya ba shi da amfani ko da ka buɗe shi da hannu. Ka taɓa tsinken da ke cikinsa da ɗan yatsa, in gari ya manne to ya nuna. Ka yage fallayen furen a hankali har tsinken ya rage tsirara a kan kara, kamar alƙalami a hannunka. Kada ka girgiza shi, kada ka hura.

Sa'an nan ka tallafi furen mace da hannun hagu ba tare da ka matse ƙullin ba, ka shigar da tsinken, ka shafa shi a kan kan macen kamar mai shafa wa jariri kwalli. Ka bi kashi ukun nan ɗaya bayan ɗaya, sama da gefe, har ka ga gari ya bayyana a kan kowanne. Nan ne masu gaggawa suke yin asara, su dangwala sau ɗaya a tsakiya su tafi, sa'an nan su yi mamakin karkatacciyar kabewa. Namiji ɗaya yana iya isar mace ɗaya, amma in akwai wadata ka yi amfani da biyu, in da hali ma daga wani gindi dabam. Ba ka rage wa shukar kome ba, domin maza sun fi mata yawa ninki ba ninki, kuma da rana za su bushe ko ka tsinke ko ba ka tsinke ba.

Wasu sun fi so su ɗebo garin da gashin kaza ko da 'yar auduga a kan tsinke. Hakan ma yana yi, har a lardin Sichuan na ƙasar Sin masu gonakin tuffa da makamantanta sukan hau itace da ɗan buroshin gashin kaza suna bin fure ɗaya-ɗaya. Sai dai a ganina furen kansa ya fi, gama auduga tana riƙe rabin garin ba ta saki.

Idan ka gama, ka tattara bakin furen macen ka ɗaure shi sako-sako da zare ko zaren kaba, domin ruwa kada ya wanke aikinka, sa'an nan ka ɗaura wani ɗan tsumma a karan, ka rubuta ranar a bango da gawayi. Bayan kwana uku zuwa biyar za ka san sakamako. In ta kama, furen zai bushe, ƙullin kuwa ya yi sheƙi ya fara kumbura, kowace safiya ka ga ya ƙaru. Daga ranar zuwa nunar kabewa sati shida ne zuwa takwas, gwargwadon iri.

Wani lokaci za ka wayi gari mace ta buɗe ba namiji ko ɗaya a gidanka. A nan sai ka aiki yaro gidan maƙwabciyar nan da ake zargi, ya roƙo fure biyu. Namiji yana iya tafiya daga Ƙofar Na'isa zuwa Gwale a cikin kwano mai murfi ba abin da zai same shi, muddin an isa kafin rana ta yi zafi. Matan unguwa ɗaya da suke shuka kabewa, in sun san juna, ba mai rasa namiji.

Wata damuwar kuma akasin wannan ce. A farkon fure sai ka ga maza kaɗai, mako ɗaya, wani lokaci har biyu, ba mace ko guda. Kada ka tumɓuke shukar kana cewa namiji ce. Haka ɗabi'arta take, maza suke fara fitowa, mata su biyo baya in yaɗon ya yi tsawo. Tsananin zafi yana jinkirta fitowar mata, haka kuma yawan takin zamani irin su yuriya yana sa ganye ya yi yawa fure ya yi kaɗan. Mazan da suka yi yawa ma ba asara ba ne, gama a Italiya da Meziko ana soya su ana ci.

Ba kowace faɗuwa ce rashin barbara ba

Ya kamata mu faɗi wannan a fili, domin kada wani ya yi aikin, ɗa ya faɗi, ya ce darasin ƙarya ne. Ka lura da lokacin da ƙullin ya lalace. Idan ya yi rawaya tun furen bai buɗe ba, to ba maganar ƙudan zuma ba ce. Uwar ce ta gaza, ko don ƙishirwa, ko don inuwar katanga ta yi mata yawa, ko don ruwa ya kwanta a gindinta, ko kuwa tana riƙe da wata babbar kabewa wadda take cinye abincin. Kabewa tana son rana kamar awa shida a yini. Gindi ɗaya a ƙasar tsakar gida in ya riƙe manyan 'ya'ya biyu ko uku ya yi ƙoƙari, sauran zubar da su zai yi ko ka yi musu barbara sau goma. Mai hikima yakan cire ƙarin da kansa domin waɗanda suka kama su yi girma.

Idan kuwa ɗan ya kama, ya kai kamar dunƙulen hannu, sa'an nan ya fara ruɓewa, ka juya shi ka duba. In ka ga ɗan huji da danƙo ya bushe a bakinsa, ka fasa, za ka tarar da fararen tsutsotsi. Wannan aikin wani ƙuda ne mai kama da ƙaramar rina, wanda yake huda fatar ɗan tun tana da taushi ya zuba ƙwai. Shi ne babban abokin gāban kabewa da kankana da kokwamba. Maganinsa a ƙaramin lambu shi ne a sa wa ɗan riga. Da zarar furen ya bushe, ka lulluɓe ɗan da jakar takarda ko yankin tsohon gidan sauro, ka bar masa wurin girma, sai fatar ta yi tauri ka cire. Waɗanda suka ruɓe kuwa kada ka jefa su a juji, domin tsutsar a cikin ƙasa take zama ƙuda. Ka ƙulle su a leda ka bar su a rana kwana biyu ko uku, ko ka binne su da zurfi.

Game da feshi, shawararmu ita ce a bar shi muddin shuka tana fure. Maganin da yake kashe ƙwaro ba ya tambayar ƙudan zuma sunansa. In ya zama tilas, a yi da yamma bayan furanni sun rufe. Maganin sauro na ɗaki kuwa ba a fesa shi a kan abin da za a ci. Kada kuma a yi ban ruwa da ruwan kwata ko ruwan da ya fito daga marina ko majema. Ruwan wankin shinkafa da na wankin ganye ya isa gindi ɗaya ko biyu.

Ajiye iri na gaskiya

Akwai riba ta biyu a wannan aiki, wadda a wurina ta fi ta farko. Sau nawa muka ci kabewa mai zaƙi da jan ciki, muka ajiye 'ya'yanta, baɗi muka shuka, ta fito salam mai ruwa-ruwa? Dalili shi ne mun san uwar, ba mu san uban ba. Ƙudan zuma ya kawo gari daga wata kabewa dabam. Baƙon gari ba ya canza ɗanɗanon kabewar bana, amma yana cikin 'ya'yan irin, sai baɗi halinsa ya fito.

Wanda ya fara gano ƙa'idar wannan gādo firist ne, Fada Gregor Mendel na ƙungiyar Agustinawa, a gidansu da ke birnin Brno cikin Jamhuriyar Cek ta yau. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta haɗa furannin wani irin wake na Turai da hannu a ɗan lambun gidan, yana rufe kowane fure domin ƙwari kada su ɓata masa lissafi, yana ƙirga abin da ya fito. Ya ga cewa in an haɗa dogo da gajere, 'ya'yan farko duka dogaye ne, amma a jikoki gajere yana sāke ɓullowa, kimanin ɗaya cikin huɗu. Wato hali yana iya ɓuya tsara guda sa'an nan ya dawo. Ya buga sakamakon a 1866, ya rasu a 1884 ba a kula da aikin ba, sai a 1900 masana suka gane darajarsa. Kayan aikinsa ba su fi naka ba: ɗan buroshi, da abin rufe fure, da littafin rubutu.

In kana so irinka ya tsaya yadda yake, abin da za ka ƙara kaɗan ne. Da yamma ka ɗaure bakin macen da na mazan da ka zaɓa tun ba su buɗe ba, domin kada wani ƙwaro ya riga ka shiga. Mazan su kasance daga kabewa irin wadda kake so. Da safe ka kwance, ka yi barbara, ka sāke ɗaure macen nan da nan, ka sa mata jan zare a kara domin ka gane ta ranar girbi. Ka bar wannan kabewa ta nuna sarai har karanta ya bushe ya yi kamar itace, ka ajiye ta a inuwa sati biyu ko uku kafin ka fasa, domin 'ya'yan suna ƙara cika a ciki. Ka wanke su, ka zubar da shafaffun, ka shanya a inuwa mai iska har in ka lanƙwasa ɗaya ya karye, ka zuba a kwalba da 'yar toka. Kada ka ji tsoron kankana ko duma ko soso da suke kusa, ba sa haɗuwa da kabewa, gama jinsinsu dabam ne. Gargaɗi ɗaya dai: duk kabewar da ka ɗanɗana ka ji ta da ɗaci sosai, kada a ci, kada a ba dabba, kada a ajiye irinta, domin wannan ɗaci guba ne mai sa amai da gudawa, dafuwa kuma ba ta kashe shi.

Kada kowa ya raina wannan aiki ya ce wasan yara ne. A 1841, a tsibirin Reyuniyon da ke tekun Indiya, wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius ya gano yadda ake yi wa furen banila barbara da ɗan tsinke da babban yatsa. Har yau da dabararsa ake noman banila a Madagaska, fure ɗaya-ɗaya, da safe. Akasin haka kuma ya faru a Malesiya, inda aka kai kwakwar manja daga Afirka ta Yamma ba tare da ƙwaron da yake yi mata hidima ba. Shekara da shekaru ma'aikata suna bin itatuwa da hannu, sai a farkon shekarun 1980 aka ɗauko ɗan ƙwaron daga Kamaru aka sake shi a gonakin, aikin hannu ya ƙare.

Wannan na biyun yana nuna mana cewa hannu mataimaki ne kawai, mai aikin na asali ya fi mu iyawa. Saboda haka wanda yake da wuri ya shuka ɗan riɗi ko ɗoɗɗoya ko zogale kusa da kabewarsa, ya bar su su yi fure, ya ajiye ruwa a kasko da 'yan duwatsu a ciki domin ƙudan zuma ya sami wurin sauka ya sha, yana canza ruwan kowane kwana biyu saboda sauro. In kuma zuma ta sauka a gidanka, kafin ka kunna wuta ka nemi mai amya ya zo ya kwashe ta. A safiyar da ka fito da furen namiji a hannu ka tarar da ƙudan zuma biyu ko uku sun riga ka shiga cikin macen, jikinsu duk gari, sai ka ja da baya ka bar musu.